Yadda Ake Gabatar da Lacca ta Intanet ga Ƙungiyar Masu Kallon Tsuntsaye

Ranar da na fara yi wa wata ƙungiyar masu kallon tsuntsaye lacca ta intanet, na kunna musu kukan wani ɗan tsuntsu na kusan minti guda, ina lumshe ido ina gyaɗa kai, ashe ni kaɗai nake ji. Mutum ashirin da wani abu sun zuba min ido, kara ta hana su magana. Sai da na ce, "Kun ji yadda yake karya murya a ƙarshe?" sannan wata dattijuwa ta buɗe makirfonta ta ce, "Malam, mu dai kai muke gani kana gyaɗa kai." Tun daga ranar na yi irin wannan lacca sau da yawa, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan tuntuɓe ne ya koya min. A ɗakin taro fuskokin mutane ne suke gaya maka ko ana tare da kai. A intanet babu wannan gata, don haka duk abin da za ka gyara, tun kafin ranar ake gyara shi.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta, ta cinya ko ta tebur. Waya tana iya yi idan babu yadda za a yi, amma nuna hotuna da kunna sauti a lokaci guda wahala ne a kanta.

Abin ji na kunne mai waya, wanda yake da makirfo a jikinsa. Na fi son mai waya a kan marar waya, domin ba ya mutuwa a tsakiyar magana. Irin wanda ake amsa kira da shi ya wadatar.

Manhajar taro. Yawancin ƙungiyoyi Zoom ko Google Meet suke amfani da shi. Ka sani cewa Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan minti 60 idan mutane sun kai uku. Dukkansu suna ɗaukar mutum 100.

Manhajar shirya silaid, wato shafukan hoto da rubutu da za ka riƙa nunawa a allo: PowerPoint, Google Slides, Keynote, ko LibreOffice Impress wanda kyauta ne.

Hotunan tsuntsaye da sautin kukansu, a ajiye a cikin kwamfutarka, ba a intanet ba.

Haske a gabanka, taga ko fitila. Waya mai cikakken caji da data, ta ko-ta-kwana. Agogo a inda idonka zai kai.

Na ƙarshe, kuma ya fi duk sauran amfani: mutum ɗaya daga cikin ƙungiyar da zai zama mataimakinka. Shi zai shigar da mutane, ya kashe makirfon wanda ya manta, ya tara tambayoyi, ya kuma gaya maka nan take idan ba a jin ka.

1. Ka tambayi wanda ya gayyace ka

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Kira wanda ya gayyace ka ka yi masa tambayoyi. Su wane ne 'yan ƙungiyar, sababbin shiga ne ko waɗanda suka yi shekaru suna yawo da madubin hangen nesa a wuya? Mutum nawa suke halarta? Da waya suke shiga ko da kwamfuta? Minti nawa aka ba ka, kuma tambayoyi suna ciki ko daban? Za a ɗauki laccar a ajiye? Me mai laccar da ya gabace ka ya yi magana a kai? Idan ƙungiyar tana nesa da kai, ku tabbatar agogon wa ake nufi da "ƙarfe bakwai". Na taɓa shiga taro awa guda kafin kowa, na zauna ina zargin mutane da rashin cika alkawari.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: ina suke zuwa kallon tsuntsu? Tafki ne, daji ne, bakin teku ne, ko lambun cikin gari? Amsar nan ita ce za ta juya laccar gaba ɗaya.

2. Ka ƙuntata batun

Nau'o'in tsuntsaye a duniya sun kai kusan 11,000. Sabon mai lacca yakan so ya zuba duk abin da ya sani, sai ya jero hotuna tamanin, kowanne da suna a ƙasa, mutane su tashi ba su riƙe ko ɗaya ba. "Tsuntsayen da na gani a tafiyata" batu ne mai daɗi ga mai shi kawai. Ƙungiyar yanki abin da take so shi ne abin da za ta fita da shi gobe da sassafe ta gwada a inda ta saba zuwa. Misali: yadda ake bambance shirwa da shaho suna sama, ko zalɓe iri huɗu da ake iya gani a bakin ruwa, ko kukan tsuntsaye shida da ake ji da asuba a wannan wata. Ni dai a minti 30 ba na wuce nau'i takwas.

Don ka san abin da yake yankinsu a lokacin, ka shiga eBird, rumbun bayanan ganin tsuntsaye a intanet da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka take gudanarwa tun 2002. Idan ka nemi sunan yankin ko wurin da suke zuwa, zai nuna maka jadawalin da ke bayyana, mako-mako, lokacin da ake yawan ganin kowane nau'i. Da shi za ka kauce wa ɓata minti biyar a kan tsuntsun da ya yi ƙaura wata biyu da suka wuce. Inda masu shigar da bayanai ba su da yawa jadawalin yakan zama da giɓi, to a nan sai ka roƙi wani tsohon hannu a ƙungiyar ya turo maka jerin abin da suka gani kwanan nan.

Labarin ban mamaki yana da wurinsa, musamman a buɗewa. A watan Oktoba na 2022 wani ɗan tsuntsun bakin ruwa, Limosa lapponica a sunan kimiyya, ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostireliya, kimanin kilomita 13,560 cikin kwana 11. Masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin kuma sun nuna a 2016 cewa wata irin tsattsewa, Apus apus, tana iya yin wata goma a sama ba ta sauka ba. Irin wannan yana farkar da mai gyangyaɗi. Amma ɗaya ya isa, kuma ka yi maza ka dawo da su gida: wane baƙon tsuntsu ne yake ratsa yankinsu a wannan lokaci, kuma a ina za su tsaya su gan shi?

3. Ka tara hotuna da sauti ta hanyar da ta dace

Hotonka, ko da bai kai na ƙwararru ba, ya fi. Hasali ma hoton tsuntsun da ganye ya rufe rabinsa ya fi koyarwa, domin haka ake ganinsa a daji. Abin da nake yi shi ne na nuna hoto mai kyau tukuna, sannan na biyo da marar kyau na ce, "To, a haka za ku same shi."

Idan ba ka da hoton wani nau'i, ka fara tambayar 'yan ƙungiyar. Mutum ya ga hotonsa a allo da sunansa a ƙasa, ka gama samun mai sauraro har ƙarshe. Bayan haka akwai Wikimedia Commons, inda kowane hoto yake da sharaɗin amfani a rubuce. Macaulay Library ta Cornell tana da ɗimbin hotuna da sautuka, sai dai na masu su ne, ka karanta sharuɗɗan kafin ka ɗauka. Don kukan tsuntsaye, shafin xeno-canto, wanda aka kafa a 2005, ya fi sauƙi: kowane sauti yana da lamba, da sunan wanda ya ɗauka, da wuri, da irin izinin da ya bayar. Ka rubuta sunan mai hoto ko mai sauti a kusurwar silaid ɗin. Kada ka kwaso hoto daga Facebook don kawai ka gan shi a fili, balle idan za a ɗauki laccar a saka a YouTube.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a nan maganar ta zo daidai har a zahiri. Nau'i ɗaya yana iya canza salon kuka daga yanki zuwa yanki, kamar karin harshe. Ka zaɓi sautin da aka ɗauka kusa da inda masu sauraronka suke.

Gargaɗi guda biyu. Na farko, ka sake duba sunan kowane tsuntsu a littafi ko a manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kafin ka rubuta shi. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ya fi ka sani, kuma shi ne ba ya yawan magana sai ka yi kuskure. Na biyu, kada ka fallasa wurin sheƙa ko makwancin mujiya ko na tsuntsun da masu kamu suke nema. Hoton waya yakan ɗauke da bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗin. Ka goge wannan bayani, ko ka ɗauki hoton allo na hoton ka yi amfani da shi. eBird ma da kansa yana ɓoye wuraren wasu nau'o'i saboda wannan dalili. Idan an tambaye ka, ka faɗi yankin kawai.

4. Ka tsara silaid don ƙaramin allo

Ka ɗauka cewa rabin mutanen da waya suke kallo, allon da bai fi tafin hannu ba. Saboda haka tsuntsu ɗaya a silaid ɗaya, hoton ya cika allon, a yanke shi yadda tsuntsun zai fito sosai. Rubutu kaɗan: sunan da suka saba da shi, sunan kimiyya a ƙasa, shi ke nan. Girman haruffa kada ya gaza 28. Ka zaɓi fasalin 16:9, wato silaid mai faɗi.

Abin da kake so a duba, ka sa masa kibiya ko da'ira tun a gida. Idan kana bayanin cewa jelar shirwa tana da 'yar tsaga a tsakiya, kibiyar ta nuna tsagar. Yawo da linzamin kwamfuta a kan hoto ba ya aiki, domin abin da kake nunawa yakan iso wa mutane a makare, kai kana kan baki su suna kallon ƙafa. In za ka kwatanta nau'i biyu masu kama, ka jera su gefe da gefe suna fuskantar ɓangare ɗaya.

Ka bar silaid masu juyi da tsalle-tsalle, a intanet kakkatsewa suke yi. Bidiyo ma haka, kada ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka sa wa kowane silaid lamba, za ka ga amfaninta a mataki na 9.

5. Sauti, inda aka fi faɗuwa

An ce gani ya kori ji, amma duk wanda ya shiga daji da asuba ya san sau da yawa kunne ne yake riga ido samun tsuntsu. Don haka lacca ba tare da sauti ba rabi ce. Matsalar ita ce manhajojin taro an gina su ne don muryar mutum. Duk abin da ba magana ba, suna ɗaukarsa hayaniya su danne shi. Wannan ne ya same ni a ranar farko: na kunna sautin ta lasifika ina zaton makirfo zai kwashe, manhajar kuwa ta share shi tas.

Maganin shi ne sautin ya bi ta cikin kwamfuta kai tsaye. A Zoom, lokacin da ka danna wurin nuna allo, akwai ɗan akwati da aka rubuta Share sound, ka yi masa alama kafin ka fara nunawa. A Google Meet hanyar da ta fi tabbas ita ce ka buɗe silaid ɗinka a wani shafi na Chrome, ka zaɓi nuna wannan shafin, ka kuma tabbatar an kunna tura sautinsa. Idan dole sai ka kunna daga waya kusa da makirfo, Zoom yana da zaɓin Original sound for musicians wanda yake hana danne sautin, ka kunna shi na ɗan lokacin sannan ka kashe.

Kafin ranar, ka yanka kowane sauti ya zama daƙiƙa 10 zuwa 15. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tana yin wannan cikin sauƙi. Da ita kuma za ka daidaita ƙarfinsu, kada wani ya zo kamar raɗa, na bayansa ya fasa kunnen masu abin ji. Ka saka sautin cikin silaid ɗin da kansa, yadda sai ka danna zai fara.

Ga yadda nake kunnawa. Ina faɗin abin da za a saurara tukuna, misali "fito uku, na ƙarshe yana hawa". Sai na yi shiru na kunna. Sai na sake kunnawa. Kada ka yi magana a kan sautin, ɗaya zai cinye ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba. Ƙananan tsuntsaye da yawa suna kuka da siririyar murya, wadda kunnen mai shekaru yake fara rasawa, kuma dattawa suna da yawa a irin waɗannan ƙungiyoyi. Shi ya sa nake sa zanen sauti a allo: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, siririyar murya a sama, mai kauri a ƙasa. Kowane sauti a xeno-canto yana zuwa da irin wannan zane. Wanda bai ji ba zai ga siffar kukan, layi mai hawa ko ɗigo-ɗigo a jere. Wani dattijo ya taɓa gaya min bayan taro cewa ya yi shekaru yana jin mutane suna maganar kukan wani tsuntsu, sai ranar ya san kamanninsa.

Tunda ka nuna musu inda ake samun sautuka, ka kuma ja musu kunne a kan kunna su a daji don jawo tsuntsu, musamman lokacin sheƙa. Tsuntsun yana zaton kishiya ce ta shigo, sai ya bar ƙwai da abinci ya zo faɗa.

6. Ka yi gwaji da mutum na gaske

Kwana biyu kafin laccar, ka buɗe taro da mataimakinka, shi yana kan waya a wani wuri daban. Ka nuna silaid uku, ka kunna sauti biyu da bidiyo ɗaya, ka tambaye shi me ya gani, me ya ji. Idan shi ne mai buɗe taron, ya ba ka izinin nuna allo, domin sau da yawa a rufe yake. Sannan kai kaɗai ka yi laccar daga farko zuwa ƙarshe da murya a fili, agogo a gabanka. In ta wuce lokaci, cire tsuntsu ɗaya gaba ɗaya, kada ka ce za ka ƙara sauri.

Ka ɗora kwamfutar a kan littattafai har kyamarar ta zo daidai idonka. Hasken ya kasance a gabanka. Idan taga tana bayanka, inuwa kawai za a gani tana magana.

7. Ranar lacca

Ka shiga minti 15 kafin lokaci. Ka rufe duk wata manhaja, ka kashe sanarwar saƙonni, kada sirrin gidanka ya faɗo a kan hoton balbela. Mataimaki ya kunna ɗakin jira na manhajar, inda masu shiga suke dakatawa sai an ba su izini, kuma kada a baza adireshin taron a fili, a tura wa waɗanda suka yi rajista. A 2020, lokacin da tarurruka suka koma intanet, 'yan ɓarna sun yi ta kutsawa cikin tarurrukan da aka bar a buɗe.

Bayan gaisuwa, ka faɗi abu uku a taƙaice: abin da za su iya yi bayan laccar, yadda za a yi tambaya, da ko ana ɗauka. Sai ka shiga tsuntsu na farko. Tarihin rayuwarka ya jira.

Ka riƙa kallon kyamara lokaci-lokaci, ba fuskarka ba. Ka rage sauri, kuma duk lokacin da ka canza silaid ka ɗan dakata daƙiƙa biyu kafin ka fara bayani, hoton ya isa ga kowa. Shirun da za ka ji zai dame ka. Ka yi barkwanci, ba wanda ya yi dariya, sai ka ji kamar da bango kake magana. Suna nan, makirfonsu ne a kashe. Abin da yake taimako shi ne duk bayan minti bakwai ko takwas ka ba su aiki: ka nuna hoto babu suna ka ce kowa ya rubuta amsarsa a wurin saƙo, ko ka tambaya wa ya taɓa ganin wannan a ina. Ka ba su lokaci, rubutu a waya ba sauri. Ka karanta amsoshi biyu ko uku da sunayen masu su, har da na kuskure, ka nuna dalilin da ya sa kuskuren yake da hujja.

8. Tambayoyi

Mataimaki ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ka jefa wa ƙungiyar. Sun fi ka sanin yankinsu. Za a samu mai cewa, "Na ga wani tsuntsu ruwan ƙasa, mene ne?" Kada ka yi hasashe. Ka tambaye shi girmansa in an gwada da kurciya, siffar bakinsa, abin da yake yi, da irin wurin da ya gan shi, sauran ma su koyi tambayoyin. Za a kuma samu mai mayar da tambaya lacca ta biyu. Ka gode masa, ka ɗauki gaɓa ɗaya ka amsa, ka ce wa mataimaki ya kawo ta gaba.

9. Idan abu ya lalace

Intanet ya yi rauni: kashe kyamararka, murya da silaid sun fi fuska muhimmanci. Ya ƙi gaba ɗaya: ka koma kan datar waya. Kwamfuta ta mutu: tun jiya ka riga ka tura wa mataimaki laccar a matsayin PDF, da sautukan a fayiloli daban masu lamba. Shi zai nuna, kai kuma ka shiga ta waya kana cewa "silaid na 14", "sauti na 3". Idan kuna kan Zoom na kyauta, ka tsara hutu a minti na 35, kowa ya fita ya sake shiga, tambayoyi su zo a kashi na biyu. Inda mafi yawan mutane ba su da intanet mai ƙarfi, ka tura hotunan da sautukan a zauren WhatsApp na ƙungiyar tun da wuri, a yi taron da murya kawai.

10. Bayan taro

Washegari ka tura wa ƙungiyar shafi ɗaya: sunayen tsuntsayen da ka yi bayani, alamar gane kowanne a layi guda, da lambobin sautukan a xeno-canto don su sake saurara. Ka haɗa da amsar tambayar da ka ce za ka bincika. Idan an ɗauki laccar, ka kalle ta kafin a saka ta ko'ina, ka yanke duk inda wani ya ambaci wurin sheƙa a lokacin tambayoyi, domin a nan aka fi yin suɓutar baki. Ka tambayi mataimaki a wane silaid ne mutane suka fara fita, ka rubuta lambar a jikin fayil ɗin kafin ka ajiye shi.